Yadda ake duba motar lantarki ta hannu kafin a biya: abin da yake halinta ne da abin da yake ciwo

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tambayoyi iri biyu ne ke ta zuwa mana game da motar lantarki. Wasu sun ga 'yar Kwatano ko wadda aka sauke a Legas, suna son sanin abin da za su duba kafin su ba da kuɗi. Wasu kuma sun riga sun saya, sai suka ji fanka na juyawa da tsakar dare alhali motar a kashe take, ko suka ga ruwa a ƙarƙashinta, hankalinsu ya tashi. Amsar duka biyun ɗaya ce: motar nan tana da ɗabi'un da za su tsorata wanda ya saba da injin fetur amma ba komai ba ne, kuma ciwonta na gaske, wanda ke cin miliyoyi, yawanci ba ya yin ƙara. A cikin batiri yake, sai an auna ake ganinsa. Ga matakan a jere.

1. Fara da gidanka, ba da motar ba

Wuraren caji na haya har yanzu ƙalilan ne, mafi yawansu a Legas da Abuja, don haka gidanka ne gidan manka. Yi lissafi tukuna. Abin da ake rubutawa kWh shi ne yunit ɗin da mitar wutarka ke ci. Ƙaramar motar lantarki tana shan yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, sannan ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da ke salwanta wajen caji. Da farashin Band A na naira 225 da aka sanar a Afrilun 2024, yunit 18 ya kama naira 4,050. Kwatanta wannan da lita takwas na fetur da ƙaramar mota ke sha a tafiya irin wannan, ka ninka da farashin gidan man unguwarku.

Soket na bango mai amfiya 13 yana ba da kamar yunit 2.3 a awa, wato tafiyar kilomita 12 zuwa 15 a kowace awa ta caji. Wanda ke yin kilomita 60 a rana yana buƙatar wuta ta awa huɗu zuwa biyar. Idan unguwarku ba ta samun haka, ko dai ka sa cazar bango mai kilowat 7, wadda ke son layinta daban da waya mai kauri, wadda masu wayarin ke kira 6mm, da birekarta ta amfiya 32 zuwa 40, ko ka dogara da sola. Farantin sola mai wat 550 yana ba da yunit biyu da 'yan kai a rana mai kyau, ke nan motar kaɗai za ta cinye faranti biyar ko shida.

Hattara: in janareta ɗan fetur za ka riƙa caji da shi kullum, ka fasa sayen motar. Irin waɗannan ba sa ba da fiye da yunit biyu a lita, sai ka tarar kana ƙona lita tara ko goma don tafiyar kilomita 100. Ba ka tsira da komai ba.

Kira mai wayarin ya tabbatar gidan yana da wayar ƙasa ta gaske, wadda suke kira at, da sandar tagulla a binne. Cazoji da yawa ba sa sakin wuta sam in ba su ji ta ba, kuma gidaje da yawa a nan rami uku ne a soket amma waya biyu ce a ciki.

2. Zaɓi irin batirin da zai jure zafinmu

Zafi shi ne babban abokin gaban batiri, kuma a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ana wuce digiri 40 a bazara. Motocin da ke sanyaya batirinsu da ruwa, irin su Tesla, Hyundai Kona, Kia Niro da Chevrolet Bolt, suna rasa kimanin kashi biyu cikin ɗari na ƙarfinsu a shekara. Nissan Leaf kuwa ba ta da wannan tsari, iskar gari ce kawai ke huce mata batiri. Shi ya sa tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka fara kukan batirinsu na tsufa da wuri. Ita ce ta fi araha a kasuwa, kuma dalilin arahar ke nan. Ba a ce kada a saya ba: ga mai zirga-zirgar cikin gari, kilomita 50 zuwa 70 a rana, da inuwar ajiyewa, tana biyan buƙata. Amma tsohuwa mai yunit 24, ta 2011 zuwa 2015, ba motar Kano zuwa Zariya ba ce, balle Kaduna mai kilomita kusan 230.

Nau'in batirin da ake kira LFP, wanda ke cikin yawancin motocin BYD da Tesla Model 3 mai gajeren zango daga 2021, ya fi jure zafi da cika shi ɗari bisa ɗari. In ka samu zaɓi tsakanin motoci biyu masu kusan farashi ɗaya, wannan ya isa ya rinjayi ra'ayinka.

Duba kuma bakin caji. Na Amurka yawanci Type 1 ne da CCS1, Tesla ta Amurka tana da nata daban, na Turai Type 2 da CCS2, na Sin GB/T, Leaf kuma CHAdeMO take amfani da shi wajen cajin sauri. Adafta na cajin gida ba ta da tsada. Ta cajin sauri tana da tsada sosai, kuma ba kowace ke aiki ba. Je ka ga irin bakin da wurin caji mafi kusa da kai yake da shi kafin ka zaɓi mota.

3. Lambar casis da takardu

Nemi lambar casis mai haruffa da lambobi 17 tun a waya, kafin ka ɓata ranarka. In motar daga Amurka take, saka lambar a intanet kawai. Sau da yawa hotunanta na gwanjon Copart ko IAAI za su fito, ka gan ta yadda take kafin mai bodi ya taɓa ta. Rahoton Carfax zai nuna tarihin kilomita da haɗari. An daki bamba ko ƙofa, wannan abin ciniki ne. An daki ƙasa ko gefen da batiri yake, ko kuma rahoton ya ce ambaliya ta ci ta, to ka haƙura komai kyawunta. Ruwan da ya shiga akwatin batiri yana cin mahaɗar wayoyi a hankali, wani lokaci sai bayan watanni matsalar ke bayyana, kuma ƙarshenta na iya zama gobara.

Shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana nuna kyauta ko an kira motar don gyara ba a kai ta ba. Wannan ya fi muhimmanci ga motoci biyu: Kona mai lantarki da aka ƙera tsakanin 2017 da 2020, da Bolt ta 2017 zuwa 2022. A 2021 kamfanonin biyu sun kira su saboda haɗarin gobara daga batiri. Wadda aka sauya wa batiri garaɓasa ce, domin batirinta ya fi motar ƙuruciya. Wadda ba a sauya wa ba, babu inda za ka kai ta a nan a yi maka kyauta.

Kada garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 da dillali zai ambata ya ruɗe ka. A ƙasar da aka fara sayar da motar yake aiki, kuma yakan faɗi da zarar an rubuta motar a matsayin wadda inshora ta sallama. Takardun kwastan kuma a tantance su kamar na kowace mota, lambar da ke jikinsu ta yi daidai da ta gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba. Leaf da aka kawo daga Japan ko Ingila sitiyarinta a dama yake. In ka ga alamar an juya shi zuwa hagu, ka bar ta, domin an yanke wayoyi an ƙulla a motar da komai nata waya ne.

4. Kayan aiki da sharaɗin da za ka gindaya

Ka tafi da tocila, da mitar auna wuta, da 'yar na'urar OBD2 mai Bluetooth, mai karanto bayanan kwamfutar mota zuwa waya, wadda kuɗinta bai wuce na cika tanki ɗaya ba. Sauke manhaja a wayarka: LeafSpy ga Leaf, Car Scanner ga Kona da Niro da wasu da dama. Gwada na'urar a wata motar tun a gida, domin masu arha sosai sukan ƙi haɗuwa da waya. Tesla Model 3 tana buƙatar ƙarin wata 'yar waya ta musamman, amma allonta yana nuna abubuwa da yawa da kansa.

Sharaɗi uku za ka faɗa wa dillali: motar ta kasance da caji aƙalla kashi 90, a bar ka ka yi tafiyar kilomita 40 zuwa 60, kuma a bar ka ka sa ta a caji a gabanka. Zai ce maka, “Haba Alhaji, ai ga shi allo ya nuna kilomita 250, me kuma za a gwada?” Wanda ya ƙi sharaɗin nan yana so ka yi cinikin biri a sama. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama gwaji.

5. Leƙa ƙarƙashinta

Kai ta wurin wankin mota mai rami ko gareji mai ɗaga mota. Batirin shi ne faffaɗan akwatin da ya shimfiɗe tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ƙarce a murfin roba ba komai ba ne. Model 3 santimita 14 kacal ke tsakaninta da ƙasa, kowane tudun rage gudu yana shafar ta. Abin gudu shi ne lotsawa a ƙarfen akwatin, tsagewa, alamar walda, ƙusoshin da suka sha sifana, ko gam ɗin da aka shafa da hannu a bakin murfi, wanda ke nuna an taɓa buɗe shi. Duba gefe-gefe musamman, inda mai faci da bai sani ba kan kafa jak a jikin batiri.

Wayoyi masu ruwan lemo su ne masu babbar wuta, bolt 350 zuwa 400 a yawancin motoci. Kalle su da tocila, kada ka taɓa. In ka ga an naɗe ɗaya da salatif ko ɓera ya ci, magana ta ƙare.

Buɗe bonet ka duba ruwan sanyaya yana tsakanin layukan biyu. Motar lantarki ba ta shanye wannan ruwa, in ya ragu sosai to yana zuba ne a wani wuri. Ɗaga kafet ɗin ƙasa da na but ka nemi busasshiyar laka, tsatsa a ƙusoshin kujera, ko warin danshi da aka rufe da turare.

Abubuwa uku a nan da ke tsorata mutane a banza. Tsatsa ja-ja a faifan birki al'ada ce, domin motar da injinta take rage gudu, ba ta cika taɓa birkin ba. Taka shi da ƙarfi sau biyu ko uku zai goge. Sai in faifan ya yi ramuka ko wani gefe bai gogu ba ne za a ce birki ya maƙale. Tayoyi sun cinye da wuri, shi ma haka take, saboda nauyi da ƙarfin fizga. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, 2319 na nufin mako na 23 na 2019, ka sa kuɗin sababbi a lissafi. Rashin safaya kuma ba sata ba ce, da yawansu haka suke fitowa daga kamfani da famfo da gam kawai. A hanyoyinmu dole ka sayi taka.

6. Kunna ta ka saurara

Kafin ka kunna, auna ƙaramin batiri mai bolt 12. Eh, tana da shi, kuma shi ke tayar da kwamfutocin motar ya haɗa babban batirin. A kashe ya kamata ya nuna 12.4 zuwa 12.7. Bayan an kunna, ya hau 13 zuwa 14 da rabi. In bai hau ba, na'urar da ke caja shi daga babban batiri ta samu matsala, gyaranta kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Raunin wannan ƙaramin batiri ne ke jawo da yawa cikin abin da mutane ke ɗauka babbar lalacewa ce: fitilun gargaɗi barkatai, allo na ɗaukewa, mota ta ƙi tashi alhali cajinta cike. Motar da ta yi wata biyu a jirgi da tashar ruwa kusan kullum nata ya yi rauni. Sauya shi ba tsada.

Da ka danna maɓalli za ka ji “ƙwas, ƙwas” sau biyu ko uku daga ƙasa. Manyan makunnan da ke haɗa batiri ne, haka za ka ji in ka kashe. Duk fitilun allo su kama sannan su mutu, a bar READY ko hoton mota kore. Fitilar da ba ta kama ba sam tun farko, musamman ta jakar iska, mai yiwuwa an rufe ta ne da gangan. Gurnani na 'yan daƙiƙu in ka taka birki ko ka buɗe ƙofa famfon birki ne. Wani sauti kamar kiɗan sarewa a waje in kana tafiya a hankali ko kana ribas, lasifika ce aka sa don masu tafiya a ƙasa, tana yin shiru da ka wuce kilomita 20 zuwa 30 a awa.

Kunna esi ka ƙure shi. Kwamfiresonsa na lantarki ne, zai yi ƙara da ɗan karkarwa ko mota na tsaye. Amma dole ya yi sanyi sosai. A Tesla da Kona da makamantansu wannan kwamfireso shi ke sanyaya batiri ma, ke nan esi da ya mutu ba maganar jin daɗi ba ce kawai. Kada ka yarda da “gas ne kawai ya ƙare”. A cika a gabanka a gani. Kuma a gaya wa mai gyara ya sa man da aka rubuta wa motar, domin man esi na motar fetur yana iya barin lantarki ya bi ta cikinsa, ya lalata kariyar kwamfireson.

7. Auna lafiyar batiri

Nan ne kuɗinka yake, domin sauya batiri kan kai rabin kuɗin tsohuwar mota ko fiye. Lambar kilomita da allo ke nunawa ƙiyasi ne daga yadda aka tuƙa motar kwanan nan. Wanda ya lallaɓa ta a hankali ba esi zai sa ta nuna adadi mai daɗi, ka hau babbar hanya ka ga kilomita 30 sun ɓace cikin tafiyar goma. Sauyawar wannan lamba ba ciwo ba ne, kuma girmanta ba shaida ba ce.

A tsohuwar Leaf, dubi ƙananan layuka 12 da ke can gefen dama na ma'aunin caji. A ta 2018 zuwa sama suna cikin jerin shafukan allon direba. Layi na farko yana ɓacewa ne in batiri ya sauka kusan kashi 85, kowane na bayansa kuma kimanin kashi shida. Ke nan layi 12 ba ya nufin sabo, layi tara kuma na nufin kusan kashi ɗaya bisa uku ya tafi.

Soka na'urar OBD2 a ƙarƙashin sitiyari ka duba abu uku. Na farko SOH, wato kason ƙarfin da ya rage. Sama da 85 yana da kyau ga motar shekara biyar zuwa bakwai, 75 zuwa 85 sai a rage farashi, ƙasa da 70 kuwa sai in tafiyarka gajera ce ƙwarai kuma kuɗin ya faɗi warwas. Na biyu, bambancin wuta tsakanin ƙwayoyin batiri, wanda manhaja ke nunawa da mV, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Leaf tana da rukuni 96. In mota na tsaye da caji mai yawa, bambancin ƙasa da 30 lafiya ne. Ya wuce 50, ko ka ga ƙwaya ɗaya ta nutse ƙasa da sauran, to akwai rarrauna. Wannan ya fi ƙarancin SOH muni, domin motar tana tsayawa ne lokacin da ƙwaya mafi rauni ta ƙare, ko da sauran suna da saura. Na uku, LeafSpy tana nuna yawan cajin sauri da na gida da aka taɓa yi. Motar da allonta ya ce kilomita 30,000 amma an caja ta sau dubu uku, mai yiwuwa an taɓa mata lissafi.

Hattara: ana iya goge ƙwaƙwalwar na'urar kula da batiri, layuka su koma 12, SOH ya koma kusan ɗari, sai bayan makonni gaskiya ta dawo. Motar shekara takwas da ke nuna lafiya kashi 98 abin zargi ce. Wasu motocin kuma, ba tare da an yi maguɗi ba, sukan daɗe suna nuna ɗari. Saboda haka ka yi lissafin da ba a iya gogewa. Mayar da ma'aunin tafiya sifili, rubuta kason caji, yi tafiya, ka sake rubutawa. Misali: ka tashi da kashi 90, ka dawo da 50 bayan kilomita 60, allo ya ce an sha yunit 15 a kilomita 100. Ka ci yunit 9 ke nan da kashi 40 na batiri. Raba 9 da 0.4, ya ba ka 22.5. In Leaf ce mai yunit 40, wadda sabuwa ake iya amfani da kamar 37, abin da ya rage bai wuce kashi 61 ba, komai layukan suka ce. Motocin Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, sauya allon kafin ka fara. Tesla tana da gwajin batiri nata a sashen sabis na allo, amma yana iya cin awa 24 a kan caza, sai in mai motar ya yarda ta kwana.

8. Gwajin hanya

Kashe rediyo, haɗa cikin gari da babbar hanya da ɗan gargada. Siririn fito da ke tashi da gudu ya sauka in ka saki totur muryar injin ce. Motar ta ja baya kamar an taka birki da ka ɗaga ƙafa, tana mayar da wuta batiri ne. In ka tashi da caji kusan ɗari sai ka ji wannan riƙon ya ɓace, motar na sulalewa, wannan ma daidai ne: batiri ya cika, ba inda za a zuba wutar, riƙon zai dawo bayan 'yan kilomita. Sabon mai mota ya kiyaye wannan da safe, kada ya dogara da shi a mahaɗar farko. Wasu motocin ba sa motsawa in ka saki birki sai ka taka totur, saiti ne. Za ka kuma ji ƙarar taya da ta iska da ta shokozoba fiye da yadda ka saba, don babu injin da zai rufe su. Gudun kilomita 120 a awa yana cinye caji fiye da 80 nesa ba kusa ba, kuma cikin gari ne motar ta fi tsimi, akasin abin da direban fetur ya saba.

Waɗanda ke biye kuwa ba halinta ba ne. A hanya mai sarari taka totur har ƙasa na daƙiƙa biyar zuwa takwas, wani na kallon allo. In kason caji ya faɗo da biyar ko goma lokaci guda sannan ya dawo, ƙwaya rarrauna ce. In fitila mai hoton kunkuru ta kama a allo, ko aka rubuta an rage ƙarfi, alhali caji ya haura kashi 30, batiri ya yi zafi fiye da kima ko ya gaji. Kunkuru a kashi biyar zuwa ƙasa ne kawai al'ada. Maimaita wannan gwaji a ƙarshen tafiya, domin rauni ya fi fitowa in caji ya yi ƙasa. Ƙarar “kat-kat-kat” mai bin gudu a Kona da Niro na farko-farko sananniyar matsala ce ta injin da akwatin giyarsa, ba a gyara ta da arha. “Ƙas” guda ɗaya daga tayar gaba in ka taka ko ka saki totur a Leaf yawanci bakin shaf ne ke son giris da ɗauri, ƙaramin aiki. Kukan ƙyaure daga gaba a Model 3 in ana juya sitiyari hannun ƙafa na sama ne, a rage kuɗinsa a ciniki. Gurnani mai ƙaruwa da gudu wanda ke sauyawa in ka karkata hagu ko dama boris ne. Duk wani saƙo da ya ambaci tsarin babbar wuta, ko wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari daga ƙasa, a tsaya nan take.

9. Sa ta a caji a gabanka

Karanta rubutun da ke bayan cazar da ta zo da motar kafin a soka. Motocin Amurka da yawa, har da tsofaffin Leaf, cazarsu ta bolt 120 ce kawai. Wutarmu 230 ce, kana sokawa za ta ƙone. Motar kanta ba ta da matsala da 230, cazar ce za a sauya. Kada a yi amfani da doguwar wayar ƙari irin ta talabijin.

Bar ta ta yi aƙalla minti 30. Ƙarar kulle bakin caji, fanka mai ƙarfi, kwamfireso ya tashi da kansa, tsabtataccen ruwa mara launi ya ɗiga a ƙasa, waya ta yi ɗumi: duka daidai ne. Ruwa mai launin shuɗi, kore ko ruwan hoda kuwa na sanyaya ne ke zuba. Filogi ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, soket ɗin ne ya saki. In caji na yankewa, gwada a wani gida kafin ka zargi motar, domin wuta mara ƙarfi da rashin at suna jawo haka. Tesla ma da kanta take rage jan wuta in ta ji ƙarfin ya sauka. Ta ƙi a wurare biyu masu wuta mai kyau, mai yiwuwa cazar cikin motar ce.

In akwai cajin sauri a garin, biya ka gwada, domin hanyarsa daban ce da ta cajin gida, ɗaya na iya aiki ɗaya ya mutu. Gudun caji ya ragu sosai bayan kashi 80, haka aka tsara. Leaf mai yunit 40 ta ja jiki a cajin sauri na biyu ko na uku a rana ɗaya, zafi ne, sananniyar ɗabi'arta ce. Ɗan bugu kamar an taka gwangwani daga ƙasan Tesla lokacin cajin sauri ƙarfe ne ke buɗewa da zafi.

10. Ciniki da karɓar mota

Yi tayi da SOH ɗin da ka lissafa, ba da shekarar mota ba. Cire kuɗin tayoyi, ƙaramin batiri, caza, adafta da safaya, sannan ka tambayi mai gyaran da ya san irin motar nawa batirinta yake da kuma ko ana samu. In babu ko mutum ɗaya a garinku mai kwamfutar da ke karanta ta, wannan ma farashi ne.

Karɓi makulli biyu, ko katin Tesla biyu. Sa mai motar ya cire ta daga asusunsa na manhaja a gabanka, in ba haka ba yana iya ganin inda take har ya buɗe ta daga nesa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Sin sukan zo da allo cikin Sinanci da manhajar da ke ɗaure da lambar wayar can. Tabbatar an sauya harshen kuma ka san abin da ba zai yi aiki ba. A rubuta lambar casis, kilomita da SOH na ranar a takardar ciniki, da shaidu.

A makon farko za ka ga caji ya ragu da kashi ɗaya ko ƙasa da haka in ta kwana a ajiye. Tesla da aka bar kyamarorin gadinta a kunne tana cin fiye da haka. Kashi biyar a dare ɗaya ba tare da an bar komai a kunne ba yana son bincike. Saita iyakar caji a kashi 80 don amfanin yau da kullum, sai mai LFP da ake so a cika shi ɗari kamar sau ɗaya a mako don ma'auninsa ya daidaita. Ajiye ta a inuwa, kada ta yini a rana da caji cike. Nuna wa mai facinka wuraren kafa jak da ke cikin littafin motar. In kuma ta tsaya a hanya, a ɗauke ta a bayan babbar mota. Jan ta da igiya tayoyi na juyawa yana sa injin ya haifar da wuta, ya ƙona na'urar da ke sarrafa shi.